Hamsin ɗin Lawali

Lawali ya goge allonsa da sassafe,
ya sa alli: Wasa ɗaya, hamsin.
Ni ina kan ɗari tun bara.
Kafin azahar bencina ya huce,
yaran Mabera sun tsallake kwalbati
kamar an buɗe famfo a wancan gefe.

Zayyanu ƙanena ya ce, "Mi kaka jira? Rage!"
Na ƙirga man janareta,
na ƙirga hannun gem biyu da maɓallansu suka lotsa.
Lissafi ya ƙi.

An ce maƙeran na'urar ma haka suke can:
wannan ya sare farashi,
wancan ya yi kunnen uwar shegu,
sai dare ya yi, ya cusa faifai kyauta cikin kwali.

To, ni ba ni da kwali.
Na sayo ƙanƙara a Gawon Nama,
na juya fanka ta dubi benci.
Wanda ya ci uku a jere, na huɗu a kaina.

La'asar sakaliya injin Lawali ya yi tari, ya mutu.
Na ji silifa bisa kwalbati.
Ban ɗaga kai ba.

Alli dai yana aljihuna,
don ban yarda da gobe ba.