Gwangwani Bakwai a Gonar Halvorsen

Asabar ce, babu aiki a mayanka,
ko da yake ƙarnin shanun Nebraska bai bar farcena ba.
Turai ta ce, ɗauko akwatin, yara sun shirya.
Na ɗauko. Doguwar aba, ba nauyi,
amma na riƙe ta kamar jinjirin wani.

Bayan rumbun masara akwai tudun ƙasa,
tsohon ya tara shi da tarakta tun 'ya'yansa suna ƙanana.
Gaban tudun katako, kan katako gwangwani bakwai,
shida na tumatir, ɗaya na madara,
duk mu muka cinye abin cikinsu.

Ita ce malamar, ba ni ba.
A Kearney ta tashi, tun tana 'yar makaranta ta iya.
Ni abin da na sani game da bindiga
shi ne inda ake nufa in ta yi magana.

Rumasa'u, shekara sha ɗaya, ta kwanta rub-da-ciki a bargo,
kunne a toshe, tabarau ya fi fuskar girma.
Uwar ta durƙusa gefenta:
Bakinta can. Kullum can, ko babu komai a ciki,
kuma babu ranar da za ki ce babu komai a ciki.
Yatsa a waje. Wannan kunama sunanta,
ai kin ji sunan.

Harsashin ɗan mitsitsi, ashirin-da-biyu suke ce masa,
bai kai kwanson gyaɗa ba.
Turai ta juya gindinsa ta nuna musu:
wutar wannan ba a cibiya take ba,
a leɓe take, nan ƙarfen yake cizo.
Mudassir ya ce, kamar Baba ke nan,
fushinsa a leɓe ake gani.
Suka yi dariya, har da tsohon da bai ji Hausa ba.

Ja numfashi. Saki rabi. Tsaya.

Tas.

Ba wata ƙara ba ce, kamar an taka busasshen kara.
Amma gwiwata ta riga kunnena ji.
Ta tuno wata Laraba a hanyar Ɗansadau,
da kwalbatin da na kwanta ciki har la'asar sakaliya,
da takalmin ƙanena, ƙafa ɗaya, a tsakiyar hanya.
Yaran ba su san wannan ba.
Turai ta sani. Ba ta waiwayo ba,
hannu kawai ta miƙo baya ta kama idon sawuna.

Gwangwani bai motsa ba, ƙasa ce ta yi tsalle a tudu.
Kin fizga, in ji uwar. Matsawa ake yi,
kamar lemon tsami a kan kunu.
Na biyu ƙasa. Na uku ma ƙasa.
A na huɗu na madara ya wuntsila.
Yarinya ta yunƙura za ta yi ihu, uwar ta dafa bayanta:
Buɗe ta tukuna. Nuna mini ciki. Ajiye.
To, yanzu yi ihunki.

Ta yi, har gaurakin da suka taso daga kogin Platte
suka amsa mata daga sama.
Baƙi ne su ma, kowace shekara sukan yada zango nan,
suka wuce ta kanmu a jere, ko karkacewa ba su yi ba.

Mudassir ya ce, Baba, saura kai.
Na ce ni mai tsintar kwanso ne yau.
Na bi ciyawa ina tsinta, wasu da sauran ɗuminsu,
arba'in da takwas, biyu sun ɓace mini,
na zuba su a gwangwanin da 'yata ta huda.

A mota ta riƙa kaɗa shi kamar caki,
tana leƙen ƙanenta ta ramin.
Shi kuwa bai bar zancen ba: yaushe za ka gwada?
Wata Asabar, na ce.
Turai ta dube ni ta madubi.
Ban ce wacce ba.