Idanun da Kyari Ya Aro

Ranar Alhamis fim kan iso cikin gwangwani,
a bayan motar Kano, tsakanin huhunan goro,
amma tun Talata mai silima ke son talla ta hau bango.
To, me Kyari zai zana?
'Yar takarda ake miƙo masa, layi biyu a kanta:
akwai ɗan fashi, akwai budurwa, akwai jirgin ƙasa.

Jirgin ƙasa bai taɓa taka Damagaram ba.
Sai ya jera motocin gyaɗa bakwai,
ya ɗaura hancin wannan a wutsiyar waccan,
ya bai wa ta gaba hayaƙi.

Ni ne yaron da ke dama masa launi.
Buhun fulawa huɗu, a farke, a ɗinke, a shafe da alli.
Ja daga karan dafin majema,
shuɗi daga bular wanki,
baƙi kuwa, ya ce in kankaro gindin tukunyar innata,
wai nata ya fi na kowa kama ƙaro.
Burushinsa gashin akuya ne a bakin kara.

Fuska ba a sayar da ita, aro ake yi.
Yakan zauna Kasuwar Dole tun hantsi
yana bin mutane da ido kamar mai bin bashi.
Gashin bakin Tankari mahauci
ya kwana uku a fuskar ɗan fashi.
Tankari ya zo yana huci, wuƙa a ƙugu,
ya tsaya gaban bango, ya daɗe,
sannan ya ce: gobe ka ƙara mini tsawo.
Da magariba ya aiko da tsire.

Wani dare 'yan kallo suka fito da rigima:
ina zakin da ka zana? Ba zaki a fim ɗin!
Kyari na wanke hannu da kananzir, bai ɗago ba.
Ya ce: dala biyunku na fim ne,
zakin kyauta na ba ku.

Ba ya sa suna.
Ƙadangare ƙarami a kusurwar ƙasa,
kai a ɗage, kamar na kan duwatsun Birni.

Budurwar kuwa kowane mako da ƙasarta,
yau 'yar Indiya, jibi 'yar Masar,
gashi ya sauya, tufa ta sauya,
idanun ne ba sa sauyawa.
In ya zo kansu sai ya aike ni sayen goro.

Daga baya takardu masu sheƙi suka zo daga injin,
fuskokin da ba su san kowa a garin ba.
Silima ta koma ma'ajin siminti.
Kyari ya koma rubuta lamba a ƙofar shaguna,
har shekarar da muka kai shi makwanci, mu tara.

Jiya, da furfurata, na tsuguna tayin tumatir.
Rumfar mai tumatir tsohon buhu ce, rana ta cinye ta,
jirgin ya koɗe, ɗan fashi ya rasa rabin kai.
Na ɗaga ido.
Ƙadangaren na nan.
Sama da shi, a juye, idanu biyu suna kallona
irin kallon da ake yi mini in na dawo gida a makare,
riga duk launi, tuwo ya huce.

Inna.

Shekara nawa ina riƙe masa gwangwanin baƙi
ban taɓa tambaya ba.

Mai tumatir ta ce: Malam, na nawa za a zuba?
Na ce: rumfar nake taya.
Ta yi dariya, ta ce inuwa ba ta sayarwa.
Na sayi na dala goma,
na ƙara zama kaɗan.