Bakwai, Ɗaya, Sifili

Iskar Punta Arenas ba ta iya sallama ba,
ƙyaure take jijjigawa har mai gida ya tashi.
Kwana tara da binne Don Eleuterio
na zauna a kujerarsa, ta yi mini faɗi.
Ƙoƙon shayinsa na nan, ganye ya bushe a gindi.

Shugaba Oyarzún ta leƙo, gashi a birkice:
"Nélida, jami'a na son lissafin iska,
na shekara talatin da ɗaya, kafin Juma'a.
Buɗe musu."

Baƙin allo, ɗan farin tsinke na ƙifta ido.
Na nemi jerin, ya zubo,
kowane layi da alama goma a goshi.
A kan jakarsa, haruffa huɗu, sai karan ɗori shida.
Bakwai, sifili, sifili.
Tsohon ya kulle, ya tafi da makulli.
Da ransa ma haka yake.

Shi ya koya mini lissafin
da guntun fensir, a bayan takardar burodi:
huɗu ta karatu, biyu ta rubutu, ɗaya ta wucewa.
Ki tara, ki ba mai abu nasa,
ki ba 'yan ƙungiya, abin da ya saura na duniya.
"Jakar da ba ta ba ki ɗaya ba," in ji shi,
"ko kin san sunan abin da ke ciki,
a bakin ƙofa za ki kwana."

Baltasar ɗan koyo na tauna a kaina:
"Ba shi bakwai uku, har ƙasa, mu tafi gida."
Na ce, yaro, wanda ya cire ƙyaure don baƙo ɗaya,
karnuka ma baƙi ne.

Na buga sudo. Ta nemi kalmar sirri, na ba ta.
Yatsuna suka yi sanyi:
yau babu ƙofar da za ta ce mini a'a.

Na kwashe iskar, na kai ta fili.
chown: sunansa ya sauka daga layi dubu huɗu,
nawa ya hau.
chmod: bakwai biyar biyar ga jakunkuna,
shida huɗu huɗu ga fayiloli,
kowa ya karanta, kada kowa ya taɓa.
Na'ura ba ta cewa an gama.
Shirunta shi ne i.

Saura guda a kusurwa.
Sunansa amparo.
Shida, huɗu, sifili.
Shi ya rubuta, ƙungiya ta karanta, duniya ta kau da kai.
Wace ƙungiya? Na duba.
Ya sa mata suna gida, mutum biyu ne cikinta:
shi, da matarsa,
wadda ƙasa ta rufe shekara goma sha ɗaya.
Ya buɗe mata asusu bayan rasuwarta,
ba a taɓa shiga da shi ba.
Fayil ɗin ya yi ƙiba kamar littafi.
Rubutun ƙarshe, daren da aka kai shi asibiti,
ƙarfe uku saura kwata.

Haruffa uku kacal, in karanta duka.
Na ɗora yatsu. Na ɗauke.
Sirrin ciki sai hanji.

Amma ga abin da ya tsaya mini a wuya:
jakar waje ba ta ba ƙungiya komai ba.
Shi da ya koya mini, shi ya manta.
Shekara goma sha ɗaya yana ajiye mata wasiƙa a ɗaki,
ƙofar zaure a garƙame.

Na buga a hankali, kada in yi kuskure:
chmod 710.
Ɗaya tak, ta wucewa.

Shiru.

Baltasar ya ce, "Wa kika buɗe wa?"
Na ce, ɗauko rigar sanyinka.
A waje iska na ta bugun kwano,
ma'auni a kan rufi yana juyi,
babu mai rubutawa sai ni.