Ƙyallen Jirgi

Duk Talata, in rana ta take tsaka a Beira,
can a Recife ko gahawar safe ba ta huce ba.
Awa biyar da teku guda ne tsakaninmu,
sai allo, sai muryar Dakta Iracema
tana zuwa tana yankewa
kamar mai magana daga cikin rijiya.
Ɗalibai biyu ne, ni da Anastácio,
na ukunmu fanka mai ciwon wuya.

Na ɗora hoton. Wata huɗu da haihuwa,
ƙirjin bai kai tafin hannuna ba,
haƙarƙari sirara kamar ƙayar kifi.
Daga dama ga wani fari mai kusurwa uku
ya jingina da huhu.
Na ce ƙari ne, ko tibi ce ta yi sheƙa.
Da ƙarfi na faɗa,
don shekara tara ina karanta ƙirjin manya,
'yan dakon tashar jirgi da tsofaffin mashaya taba.

Ta yi shiru, har na zaci layi ya tafi.
"Felizarda, tagarki tana kallon ruwa?
Tashi ki leƙa."
Na leƙa. Masunta suna dawowa,
kowane kwale-kwale da ƙyallensa mai kusurwa uku,
ya sha iska ya ƙoshi.
"Shi ke nan," in ji ta. "Ba cuta ba ce.
Tsoka ce da jariri ke zuwa da ita,
tana koya wa jiki gane abokin gaba.
In ya girma sai ta naɗe, ta ba da wuri.
Yaro ba babba ba ne da aka rage wa tsawo."

Anastácio ya rubuta. Ni ban rubuta ba.
Baya na koma, shekara biyu:
wata uwa daga Búzi, zane ruwan ganye,
ta ƙetaro kogi sau shida.
Ni na sa hannu.
Wata shida ɗanta yana haɗiyar ɗaci
saboda ƙyallen jirgi.
Sunansa ya ɓace mini.
Lambar katinsa dai ta ƙare da bakwai.

Da damina ta zo da kanta, mako biyu,
gajeriya ce ashe, allo ya ƙara mata tsawo.
Ta koya mana ɗumama man sikanin a tafin hannu
kafin ya taɓa cikin yaro,
da rage wutar na'ura,
don ƙaramin jiki yana da sauran shekaru da zai ɗauki bashin.
Rannan aka kawo yarinya, zazzaɓin mako biyar.
Ta ce a kai ta babbar na'ura.
Na ce tun Janairu take jiran wani ƙarfe daga waje.
A asibitinku na'ura ke jiran yaro,
a nan yaro ke jiran na'ura.
Na ɗora ƙaramar a kan saifa,
ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa riɗi.
Na ce tibi ce, wannan karon ba da ƙarfi ba.
Ta cire tabarau, ta matso.
"Sau biyu na taɓa gani. Ke fa?"
Na ce na daina ƙirga.
"To ranar Alhamis ɗalibaina suna jiranki.
Ke za ki yi magana, ni in zauna a baya."

Yau shekara huɗu.
Fankar ta mutu, an sa wata.
Mu shida ne a ɗakin, kujerar gaba tawa ce.
Ɗazu Quitéria, sabuwar zuwa, ta ɗora hoto,
ta gyara murya ta ce ƙari ne.
Na ce ta tashi ta leƙa taga.
Ta leƙa, ta juyo.
Ruwa ya janye, sai laka da tsuntsaye,
ko kwale-kwale ɗaya babu.

Sai na ce ta jawo kujera,
na fara mata daga zane ruwan ganye.