Ganyen Marke a Samaru

Sati biyu yana bushewa a inuwa.
Na daka, na tankaɗe, na jiƙa.
Ɗigo uku na sinadarin ƙarfe a kwalba,
ruwan ya juye baƙi kamar tawadar zuge.
Na girgiza ta biyu, kumfa ta hau, ta ƙi sauka.

Baba Jatau na Tudun Jukun, da ya tsinko min,
tauna ɗaya ya yi, ya tofar.
"Na gindin Kufena ya fi bauri," in ji shi,
"na bakin Kubanni ruwa ya sha."

Wata huɗu ina awo
kafin lambobina su yarda da harshensa.
Takardar sakamako layi goma ce,
na duba har ƙasa,
ban ga inda zan sa sunansa ba.