Allura a Kan Faifai

A Nima, bayan inda tirotiro ke juyawa,
shagona ne mai ƙofar kwano.
Rediyo nake gyara, da duk abin da ya daina magana.

Ranar Laraba wata dattijuwa ta shigo,
Odesa, daga Amurka ta taso, ta zauna Ankara.
Ta kwance ƙulli: baƙin faifai,
gefensa a ɓantare kamar haƙorin yaro.
A akwatin kakanta ta tsince shi,
ƙarƙashin kakin soja da lambar yabo ɗaya.
Ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba.

Na sauko da garmahon da Alhaji Mumuni ya mutu bai karɓa ba.
Na wana, na ɗora allura.

Sai ga muryar Bature ya aro bakin da ba nasa ba,
yana lanƙwasa harshe, yana jan hanci.
Ƙafata har ta fara bin kiɗan.
Allah ya yafe mini, kiɗan da daɗi.

Tana fassara mini a hankali:
wai baƙin soja ne, idonsa kamar ƙwan zabo,
ya ji bindiga ya bar takalmansa a tsaye,
ya sara wa alfadari,
ya tambayi janar ina akurkin kaji.
Daga nan ta yi shiru.
Dariya ba ta neman tafinta.

Na tuna Kofur Bukari, uban uwata,
da ya dawo daga Bama da kunne ɗaya a mace.
In hadari ya yi tsawa bisa teku
sai ya ajiye kokonsa, ya ƙirga mu da ido,
ɗaya, biyu, har bakwai,
sannan ya sha.

Na ce, Hajiya, don me ya adana wannan?
Ta shafa lambar da babban yatsa.
Ta ce wanda aka cire wa kibiya
wani lokaci yakan ce a ba shi ita.

Masu dariyar duk ƙasa ta rufe su.
Waƙar ta ƙare, allura na ta zagaye,
shhh, shhh, kamar mai share kabari.
Na miƙa hannu zan ɗaga.

Ta ce bar shi.
Nan ne kaɗai nake jin numfashinsa.

Muka zauna, mai waken ƙofa tana kiran ciniki,
har zaren garmahon ya saki.