Maɗorin Ƙarfe

Ta shigo garejina da hantsi tana ɗingishi,
ja wur kamar tattasai, ƙofa biyu rak,
cikinta na lasar ƙasa.
Kafin Mujitaba ya kashe ta na ji ciwon:
ƙwas a hagu, gurum a dama,
da wani ɗan kuka can ƙasa irin na tsohon ƙyaure.

Ya ce, Baba Arzika, wata huɗu ke nan da sauke ta.
Na ce, wace hanya kake bi?
Ya ce, Mabera da safe, Kwannawa da marece,
wani zubin har Illela.
Na ce, to, wagga mota ba ta yi maka ƙarya ba.

Jelani, kawo jak. Sa dutse bayan taya.
Kada ka shiga ƙarƙashi sai na ce.
Ƙarfe bai san ɗan kowa ba.

Na kama taya da hannu biyu na girgiza,
ta amsa kamar haƙorin tsoho.
Shokan gaba ya zubar da mansa duka,
turɓaya ta manne masa ta yi baƙi.
Robar bushin ta yi faso irin na dunduniyar manomi,
bol-joyin na rawa cikin gidansa,
sifirin da aka naɗe don kwalta mai santsi
ya durƙusa, ya ƙi miƙewa.

Waɗanda suka ƙera ta, can inda suke,
sun auna iska, sun auna kwana,
ba su auna ramin gaban masu kankana ba,
wanda ruwan Agusta ke cikawa
ya kwanta lif kamar madubi.
Sai ka faɗa kake sanin zurfinsa.

Kakana maɗori ne a Wurno.
Da karan dawa da tsumma yake ɗaure ƙafar mutum,
ya ce kada a taka sai bayan arba'in.
Ni ƙarfe ya faɗo wa:
sufana goma sha bakwai, gwangwanin giris,
da rana mai gasa noti har ya ƙi taɓuwa.
Amma majinyacin ɗaya ne,
ba ya son jin a hankali.

Na ce, shoka biyu za mu canza tare,
ba a sa sabon takalmi a ƙafa ɗaya.
Kada ka sayo mai ƙyallin kwali,
kyansa na ɗan maciji ne.
Tafi wurin Lauwali ka ce ni na aiko ka,
ka danna da hannunka,
in ya taso a natse, shi ne.

Na ce, bari in ɗaga ta yatsa biyu.
Ya dube ni kamar na zagi kakarsa.
Ai kwanciyar ita ce kyanta, Baba.
Na yi shiru. Kuɗinsa ne, ramin kuma na kowa.

Bayan la'asar muka sauke ta.
Sai da nauyinta ya zauna bisa ƙafafunta
sannan na ƙarasa ɗaure bushin.
Jelani, riƙe wannan:
abin da aka ɗaure a sama, ƙasa ke tsinka shi.

Na ɗana ta zuwa shataletale.
Ba zan ɓoye ba,
tsakanin fitila da fitila, inda kwalta ta yi sumul,
na ji shekara talatin sun sauka daga bayana.
Sai ga rami. Na taka birki, na ratse,
shekarun suka dawo suka zauna.

Ya biya, ya tafi, ƙararta ta daɗe a kunne.
Na rubuta kwanan wata da gawayi jikin bango,
na jefa tsohon shoka bisa 'yan uwansa.
Kafin kaka zai dawo.

Na hau kekena na nufi gida,
ina gaida ramuka ɗaya bayan ɗaya.
Su ke ci da ni, ban kuwa taɓa sa musu albarka ba.